Wa Ke Biyan Kuɗin Jarida?

Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin kuɗi, in ya ɗauki alƙalami ya lissafa abin da a ke kashewa wajen fid da jarida, watau takarda da tawada da ladan masu rubutu da na masu ɗab'i da na masu rarrabawa, sa'an nan ya dubi ɗan abin da mai karatu ya ke biya, lalle zai ce wannan cinikin faɗuwa ne. Amma ga shi mutane da yawa sun yi arziki da shi. Asirin yana cikin shafuffukan nan da mu kan tsallake ba mu karanta ba, watau na tallace-tallace. Domin a gane yadda abin ya ke, sai mu koma birnin New York na ƙasar Amurka, cikin shekarar 1833.

A zamanin nan jarida a New York kayan attajirai ce. Senti 6 a ke sayad da ita (senti 100 su ke yin dala guda), kuma galibi ba a tallanta a titi, sai mutum ya biya kuɗin shekara, dala 8 zuwa 10. Lebura kuwa da ƙyar ya ke haɗa dala guda a yini. Abin da ke cikin jaridar ma ba nasa ba ne: jiragen ruwan da suka iso, da farashin auduga, da dogayen jawaban 'yan siyasa. Talaka ba shi da kuɗinta, ba shi kuma da abin da zai nema a cikinta.

Ana nan sai wani saurayi mai aikin ɗab'i, sunansa Benjamin Day, ɗan shekara 23, wanda annobar kwalara ta 1832 ta kashe wa kasuwa, ya yi wata dabara. Ran 3 ga watan Satumba 1833 ya fito da 'yar ƙaramar jarida mai shafi 4, ya sa mata suna The Sun, watau Rana, ya yanka mata senti 1 tak. Ya tara yara, ya riƙa ba su jarida 100 a kan senti 67, su shiga titi suna shela, in sun sayar ribarsu senti 33. To, masu lissafi, ku duba: abin da ke shiga aljihun Day a kan kowace jarida bai ko cika sentin ba, sulusi biyu ne nasa. Da wannan kaɗai ba zai yi nisa ba, shi ma ya sani. Wajen 'yan kasuwa ya sa ido.

Har ma a fitowar farko, da ya ke ba wanda ya san shi balle ya kawo masa talla, sai ya kwafo tallace-tallacen jiragen ruwa daga manyan jaridu ya buga kyauta, kamar mai tebur da ya jera kwalaye ba kome a ciki don a ce kaya sun cika. Sa'an nan ya ɗauki wani mai suna George Wisner a kan dala 4 a mako, aikinsa ya yi sammako ya tafi kotun 'yan sanda ya rubuto abin da ya gani: mashaya, da ɓarayi, da miji da mata da suka kwana suna dambe. Manyan jaridu suka yi ta tsaki. Jama'a kuwa suka yi ta saye. Kafin shekara biyu The Sun ta shige gaban dukan jaridun birnin.

Ga yadda cinikin ya ke. Mai jarida irin wannan masu saye biyu gare shi. Na fari mai karatu, shi ke ba da kwabo. Na biyu ɗan kasuwa, shi ke ba da fam. Ɗan kasuwa kuwa ba farar takarda ya ke saye ba, idanun mutanen da za su faɗa kan takardar ya ke saye. Kowa ya san rumfar bakin hanya ta fi ta lungu tsada, ko da ginin iri ɗaya ne, sabo da yawan masu wucewa. Haka fili a jarida: gwargwadon yawan masu karatu, gwargwadon tsadarsa, har aka saba yanka farashi a kan kowane mutum 1,000. Don haka in an rage kuɗin jarida, masu karatu su ƙaru, kuɗin talla ya hau, ya cike giɓin har ya bar riba. Watau mai karatu yana tsammani shi ne mai saye, alhali kuwa rabinsa hajja ne.

Kada mu yi wa dabarar rashin adalci. Ita ce ta sa direban keken doki da mai wanki da ɗan dako suka fara karanta labarin garinsu kowace safiya. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, malaman makaranta sun fi kowa sanin darajarsa. Sai dai kuma tun tana jaririya ta nuna halinta.

Mutanen Wata

Ran 25 ga watan Agusta 1835 The Sun ta fara buga wani labari, ta yi kwana shida tana jan sa. Wai shahararren masanin taurarin nan na Ingila, Sir John Herschel, ya ƙera wani ƙaton madubin hangen nesa, ya duba wata, ya ga tekuna da dazuzzuka, da wata dabba mai kama da akuya mai ƙaho ɗaya, da waɗansu dabbobi masu tafiya da ƙafa biyu suna gina bukkoki, har da mutane masu fukafukai irin na jemage. Aka ce wai daga wata mujallar masana ta Edinburgh aka ɗebo labarin. An iya ƙaryar ƙwarai, gama Herschel mutum ne na gaske, kuma a lokacin da gaske yana can ƙarshen Afirka ta Kudu yana nazarin taurari. Babu waya a zamanin, wasiƙa sai ta jirgin ruwa, kafin a tambaye shi a sami amsa an yi watanni. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofar maɗaba'a, waɗansu jaridu suka kwafa, The Sun ta yi shelar tana buga 19,360 a yini, ta ce ba jaridar da ta kai ta a duniya. Wannan shela fa ba don masu karatu aka yi ta ba, don 'yan kasuwa ne.

Wani ma'aikacin jaridar, Richard Adams Locke, shi ya ƙaga labarin. Daga baya ya ce wai ba'a ya ke yi wa marubutan da ke cika baki suna cewa akwai halittu a wata. Mu dai ba mu san ba'ar da a ke karɓar kuɗi a kanta kwana shida ba a gaya wa mai saye ba. Ko ta yaya, ba a ɗaure kowa ba, kasuwar jaridar kuma ba ta faɗi ba. A 1838 Day ya sayad da ita ga mijin 'yar'uwarsa, Moses Beach, a kan dala 40,000, ta kuma rayu har 1950.

A Faransa abin har da jini. Ran 1 ga watan Yuli 1836 Emile de Girardin ya fito da La Presse a Paris, ya sa kuɗin shekara faran 40 maimakon 80 da sauran jaridu ke karɓa, ya faɗa a fili cewa talla ne zai biya saura. Editoci suka ce ya mai da aikin ilmi kasuwanci. Cacar baki ta yi zafi tsakaninsa da Armand Carrel, editan Le National, har suka fita dajin Vincennes ran 22 ga watan, suka harbi juna bisa al'adar Turawan wancan zamani. Girardin ya sami rauni a cinya, Carrel ya rasu bayan kwana biyu. Amma ba a daɗe ba sauran jaridu suka rage nasu farashin. A Ingila kuwa haraji ne ya tare hanya, sai da aka soke harajin talla a 1853 da na hatimin jarida a 1855, sa'an nan Daily Telegraph ta sauko kwabo guda.

Mai Ba Da Fam

Ƙarya don tara jama'a ita ce illa ta fari. Ta biyu ta fi ta ɓoyuwa, mu a ganinmu ta fi ta muni. Cikin manyan masu talla a jaridun Amurka na ƙarni na 19 akwai masu maganin kwalba, irin wanda a kan ce yana warkad da tari da ciwon baya da kasala gaba ɗaya. Da yawa cikin magungunan nan barasa ce zalla, waɗansu har da ƙwayoyi masu sa maye, ana kuwa ɗura wa jarirai. Jaridu sun sani, ko kuwa suna da halin su sani, amma suka yi gum. A 1905 mujallar Collier's ta tona dalili. Ashe a cikin yarjejeniyar da masu magani ke yi da jaridu akwai wani sharaɗi da a ke bugawa da jar tawada, cewa in jihar da jaridar ta ke ta kafa dokar da za ta taɓa cinikin maganin, to, yarjejeniya ta warware. Da zarar an kawo irin wannan doka majalisa, sai a tuna wa edita sharaɗin, shi kuwa ya san inda tuwonsa ya ke fitowa. Ba a ce masa ya yi ƙarya ba, bakinsa kawai aka saya. Akwai waɗanda suka ƙi, kamar mujallar Ladies' Home Journal da ta daina karɓar tallan irin waɗannan magunguna tun 1892, ta haƙura da kuɗin. Dokar tsabtar abinci da magani ta Amurka ba ta samu ba sai 1906.

'Yan kasuwa su ma ba su tsira ba. Tun da a kan yawan masu karatu a ke biya, sai masu jaridu suka riƙa ƙara wa adadin gishiri. Da abin ya ishi masu talla, a 1914 aka kafa wata hukuma a Amurka, Audit Bureau of Circulations, aikinta ta aika da odita ya duba littattafan jarida, ya ƙidaya abin da aka sayar da gaske. Akawuna sun san wannan baƙo da irin gaisuwar da a kan yi masa.

Cinikin da Day ya fara ya yi shekara wajen 170 yana bunƙasa. A 2006 jaridun Amurka sun sami kimanin dala biliyan 49 daga talla. Zuwa 2020 abin ya faɗo ƙasa da biliyan 10, jaridu da yawa suka rufe. Idanun mutane ne suka ƙaura zuwa kwamfuta da wayar hannu, kuɗi kuwa ya bi su, mafi yawansa ya faɗa hannun Google da Facebook. Tun 2003 Google ya buɗe wani tsari mai suna AdSense, wanda ya ba kowane marubuci dama ya zama Benjamin Day na kansa ba tare da maɗaba'a ba. Kamfanin ne ke nemo masu talla, na'ura ta yi gwanjon filin kafin ƙiftawar ido, kamfanin ya cire rabonsa, ya tara wa marubuci nasa, in ya kai dala 100 ya aika masa.

Sai dai a gwanjon nan ba dukan idanu ne farashinsu ɗaya ba. Ɗan kasuwa ya fi taya idon mutumin da ya ke tsammani yana da abin saye, don haka mai karatu guda a Amurka ya kan jawo abin da masu karatu da yawa a ƙasashen talakawa ba su jawo ba. Mai rubutu da Hausa da ke sa ran cin abinci ta wannan hanya ya kamata ya fara da wannan lissafi kafin ya bar aikin albashi. Waɗansu samari a garin Veles na ƙasar Masedoniya sun yi lissafin, suka ga rubutu da harshensu ba ya kawo kome. Lokacin zaɓen shugaban Amurka na 2016 sai suka koma Turanci, suka riƙa kwafo labaran ƙarya a kan 'yan takara suna ƙara musu yaji, suna watsawa ta Facebook, Amurkawa na rububin karantawa, su kuwa suna karɓar kuɗin talla. Galibinsu ba ruwansu da wanda zai ci zaɓen. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, bayan an riga an ƙidaya ƙuri'u, Google da Facebook suka ba da sanarwa za su daina sa talla a jikin labaran ƙarya, shekara 181 bayan The Sun ta ga masu fukafukan jemage a wata.