Shingo Takatsu: Mai Jifa Wanda Ya Zama Malami

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wani wasa da mutanen Amurka da na Japan su ke so ƙwarai, sunansa besbol. Ina so in ba ku labarin wani gwaninsa, amma tilas in fara bayyana yadda a ke yinsa.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 9 a fili. Mutum guda ya tsaya a tsakiya ya jefa ƙwallo, wani daga ɗaya ɓangaren ya tsaya da kulki don ya buge ta. Tsakaninsu ƙafa 60 ne da inci 6. In ya buge ta sai ya ruga, in ya kewaye tashoshi huɗu ya komo gida, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Aikin mai jifa kuwa shi ne ya fitar da masu bugu. In an fitar da uku sai a yi canji, har a yi zagaye 9.

To, hannun mutum ba ƙarfe ba ne. In wanda ya fara jifa ya gaji, sai a kira wani ya karɓe shi. Mafi wuyar aiki a cikin masu karɓa shi ne na mai rufewa, watau wanda a kan kira a zagayen ƙarshe sa'ad da ƙungiyarsa ta ke gaba da ɗan kaɗan. In ya kare wannan rinjaye har a tashi, sai a rubuta masa "ceto" ɗaya. In kuwa ya yi kuskure, wahalar dukan 'yan'uwansa ta tashi a banza.

An haifi Shingo Takatsu a Hiroshima a 1968. Ya fara wasa da ƙungiyar Yakult Swallows ta Tokyo a 1991. Ta gefe ya ke jifa, jifarsa kuma ba ta kai ta manyan gwanaye sauri ba. A 1992 Seibu Lions suka ka da Yakult a gasar ƙarshe ta Japan. Shugaban Yakult, Katsuya Nomura, ya lura da wani mai jifa na Seibu, Tetsuya Shiozaki, wanda ƙwallonsa ke zuwa a hankali sa'an nan ta nutse ƙasa daf da mai bugu. Sai ya umurci Takatsu ya koyi irin wannan jifa. Dabarar ita ce, mai bugu ya shirya wa ƙwallo mai sauri, sai ya kai duka tun ba ta iso ba.

Takatsu ya koya, a 1993 aka mai da shi mai rufewa. Yakult ta ci gasar Japan a 1993, 1995, 1997 da 2001, kowane karo kuwa shi ne ya jefa ƙwallon ƙarshe. A wasannin gasar nan ba a taɓa ci a kansa ko ɗaya ba. Jimlar cetonsa a Japan 286 ne. A 2004 ya tafi Amurka wurin Chicago White Sox, ya yi ceto 19 a shekarar. Shekara ta biye abin ya ƙi, suka sallame shi. Bai zauna ba. Ya koma Yakult, sa'an nan ya yi wasa a Koriya ta Kudu a 2008, da Taiwan a 2010, daga bisani ya shiga wata ƙaramar ƙungiya a Niigata. A 2012 ya zama shugabanta yana kuma wasa, a shekarar nan ya ajiye jifa.

A 2014 Yakult ta ɗauke shi malamin masu jifa. Daga 2017 zuwa 2019 aka ba shi riƙon ƙungiyarsu ta biyu, inda a ke horar da samari. A nan ba cin wasa ne babban abu ba, sai dai a bar yaro ya yi ta gwadawa ko da zai yi kuskure. Cikin samarin da suka bi ta hannunsa har da Munetaka Murakami, wanda ya zama babban mai bugu. A 2020 aka naɗa Takatsu shugaban babbar ƙungiya, suka zo na ƙarshe a rukuninsu. Ba a cire shi ba. A 2021 suka ci gasar Japan, suka ka da Orix Buffaloes wasa 4 da 2. A 2022 suka sake cin rukuninsu, amma Orix ta rama a gasar ƙarshe.

Abin da ya sa na kawo labarin nan ga shi. Nomura bai ce yaron nan ba shi da sauri, saboda haka ba shi da amfani ba. Ya duba abin da hannunsa zai iya, ya nuna masa hanya. Da Takatsu ya zama malami, shi ma ya ba samari haƙurin da aka ba shi. Nan gaba kaɗan za a ba kowannenmu aji, a ciki kuwa ba a rasa yaron da a ke cewa ba shi da kai. Kafin mu ajiye shi a benci na baya, ya kamata mu duba abin da ya iya, mu fara daga nan.