Gwal, Suna da Sikeli: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Sayi Sarƙa

Duk wadda ke zuwa biki a Kano cikin 'yan shekarun nan, kamu ne ko yini ko walima, ta san wata 'yar fure mai ganye huɗu da ta cika wuyan mata da hannayensu. Wani lokaci tsakiyarta fari ne mai sheƙi, wani lokaci baƙi ko kore. Ta kuma san wani awarwaro mai santsi da aka zana wa kawunan kusoshi a kewaye. Dukansu biyu suna da asali. Furen nan zanen kamfanin Van Cleef & Arpels ne na birnin Paris, sunansa Alhambra, ya fito a 1968. Awarwaron kuwa na Cartier ne, wani ɗan Italiya mai suna Aldo Cipullo ya zana shi a birnin New York a 1969, kuma na ainihin da 'yar sukundireba ake ɗaure shi a hannu. Wato yayin da ya iso mana yanzu ya haura shekara hamsin a duniya.

Galibin waɗanda ake gani a gari ba daga waɗannan kamfanoni suka fito ba. Kwaikwayo ne da ake ƙerawa a wasu ƙasashe, 'yan kasuwa da mahajjata da masu zuwa umara su shigo da su. Wasu gwal ne na gaske, zanen kawai aka ara. Wasu ƙarfe ne da aka yi wa ruwan gwal, su yi kyau watanni kaɗan su koɗe. Na ainihin kuma, mai takarda da lambar kamfani, yana hannun 'yan ƙalilan. Daga nesa duk kamarsu ɗaya, amma ranar da buƙata ta taso aka kai su layin 'yan gwal na Kasuwar Rimi, kowanne da irin amsar da zai samu.

Wannan rana ita ce ya kamata mai saye ta riƙa tunawa, domin a wurinmu gwal ba ado kaɗai ba ne. Ajiya ce. Mace ta yi adashi ta sayi ɗan kunne, ta sayar da akuya ta ƙara zobe, uwa ta ɗauki nata ta ba 'yarta ranar kai ta ɗaki. Idan rashin lafiya ta zo, ko kuɗin makaranta, ko kujerar Makka, ko jari ya karye, a nan ake samun rufin asiri ba tare da an je roƙon kowa ba. Manyan kamfanonin Turai kuwa wani abu dabam suke sayarwa: zane da suna da shago mai ƙyalli. Kasuwancin suna ba ƙarami ba ne. A watan Janairun 2021 kamfanin LVMH na Faransa ya kammala sayen Tiffany na Amurka a kan dala biliyan 15.8, bayan ya riga ya mallaki Bulgari na Italiya tun 2011. Cartier da Van Cleef kuma duk suna ƙarƙashin Richemont na Suwizalan. Waɗannan kuɗaɗe ba nauyin gwal ɗin da ke cikin shaguna aka biya ba, darajar sunan aka biya. A London ko Janeba akwai gidajen gwanjo da dillalai masu sayen tsohon Cartier da daraja idan takardunsa sun cika. A Rimi, abin da za a fara ce miki shi ne, "Hajiya, kawo mu ɗora a sikeli."

Ku tsaya ku ga yadda ake yi. Ɗan gwal zai fara juya sarƙar ya nemi lambar da aka buga a jikin maɓallinta. Sai ya goga ta a kan wani ɗan baƙin dutse har ta bar zane, ya ɗiga ruwan asid a kai. In zanen ya tsaya daram, gwal ɗin ya kai ƙarfin da ake zato, in ya narke ya ɓace, akwai magana. Idan ya yi shakka zai ɗan kankare wani lungu don ya ga ko ciki da waje ɗaya ne. Sannan ya dubi duwatsun da aka jera a jiki. Yawanci gilashi ne ko wani dutse mara tsada, don haka ko dai ya ɓamɓare su ko ya ƙiyasta nauyinsu ya cire. Abin da ya rage shi zai auna, ya buga da farashin giram na ranar. Kuɗin aikin da aka biya ranar saye ba ya dawowa. Sau da yawa mace kan fito ranta a ɓace tana ganin an cuce ta, alhali tun ranar sayen ne aka auna mata duwatsu a farashin gwal ba ta lura ba.

Lambar nan ta jikin maɓalli tana da ma'ana, kuma saninta ba wuya. Tataccen gwal karat 24 ne, amma yana da laushi ƙwarai, shi ya sa ake gauraya shi da tagulla ko azurfa don ya yi ƙwari. Idan kun ga 916, karat 22 ke nan. Idan 875 ne, karat 21 ne, wanda ya fi yawa a kayan Saudiyya da Dubai. Idan 750 ne, karat 18 ne, kashi uku cikin huɗu gwal, kuma da shi manyan kamfanonin Turai suka fi aiki saboda yana riƙe dutse da kyau. Sarƙa mai giram 20 ta karat 21 tana ɗauke da giram 17.5 na tsantsar gwal, irinta ta karat 18 kuma giram 15. Bambancin giram biyu da rabi a farashin yau ba abin rainawa ba ne. Sai dai lamba kaɗai ba hujja ba ce, domin mai ha'inci ma ya iya buga lamba. A sa a gwada a gaban ido, a kuma karɓi rasidi mai ɗauke da nauyi da karat da kuɗin aiki, kowanne a rubuce daban.

Babban labarin wannan fanni a 'yan shekarun nan shi ne tsada. A kasuwar duniya ana auna gwal da oza, wadda ta kai giram 31.1. Oza ɗaya ta fara haura dala 2,000 a watan Agustan 2020, ta haura 3,000 a Maris na 2025, ta haura 4,000 a Oktoban 2025. Daga cikin dalilai akwai yaƙe-yaƙe da fargabar hauhawar farashi, sannan manyan bankunan ƙasashe sun riƙa sayen fiye da tan 1,000 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Mu kuma abin ya zo mana biyu, domin bayan sakin naira a watan Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a cikin 2024. Wadda ta riƙe gwal ɗinta a wannan tsakani ta tsira da dukiyarta, wadda ta ajiye takardun naira a akwati ta ga yadda suka zube. Hatta mafi ƙarancin sadaki ya motsa, tunda a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne, wato giram ɗaya da ɗan ɗoriya na gwal.

Tsadar ta sauya fasalin kayan da kansu. Masu haɗa lefe da a da suke sa cikakken saiti yanzu da yawa sun koma siririyar sarƙa da ƙananan 'yan kunne, wasu kuma sun haƙura da gwal ɗin gaba ɗaya. Masu ƙira sun ƙware wajen yin kaya masu girman ido amma holoƙo a ciki. Awarwaro ya cika hannu, a ɗaga a ji ba nauyi. Irin wannan ba algus ba ne muddin an sayar da shi a nauyinsa na gaskiya, amma yana saurin lotsawa, gyaransa kuma da wuya, kuma kuɗin aikinsa kan fi na mai kauri idan aka kwatanta da nauyinsa. A ganina, wadda ke son ajiya ta nemi mai sauƙin zane, mara duwatsu, mai karat 21 ko 22. Wadda ke son kwalliya ta sayi abin da ranta ke so, ba laifi, amma ta san wane kaso na kuɗinta ne ado, wane ne ajiya.

Daiman ma ya shiga wani hali. Yanzu ana haɗa shi a masana'anta cikin makonni, kuma ta fuskar sinadari daidai yake da wanda aka haƙo, sai da na'ura ta musamman ake bambance su. Kamfanin De Beers, wanda ya daɗe yana juya kasuwar daiman ta duniya, ya buɗe reshen Lightbox a 2018 yana sayar da na masana'anta a dala 800 kowane karat (karat na dutse awon nauyi ne, kashi ɗaya cikin biyar na giram). Farashin ya yi ta faɗuwa, har a 2025 kamfanin ya sanar da rufe reshen. Don haka duk wanda aka yi wa tallan zoben daiman ya tambaya wane iri ne, ya nemi takardar gwaji, kuma kada ya ɗauke shi a matsayin ajiya irin ta gwal.

Akwai kuma ɓangaren shari'a, wanda yayi ba ya sauyawa. Mata da yawa kan kai tsohuwar sarƙa a ba su sabuwa su yi ciko. Malamai sun yi gargaɗi a kan haka, domin musayar gwal da gwal sai nauyi ya zo daidai kuma hannu da hannu, in ba haka ba an faɗa riba. Hanya mai tsabta ita ce a sayar da tsohuwar a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabuwar. Nisabin zakkar gwal miskali 20 ne, kimanin giram 85, ana fitar da ɗaya cikin arba'in idan shekara ta zagayo. A Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba su da zakka, amma wanda aka tanada don ciniki ko don ajiyar dukiya hukuncinsa dabam ne, kuma tunda a garinmu niyyar kan haɗu biyu, ya kyautu kowacce ta tambayi malaminta.

Abin da ya fi damuna a duk wannan shi ne inda aka bar maƙeranmu. Kano ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma birnin ya daɗe da raba maƙeransa biyu: maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. Su maƙeran fari ne suka riƙa narka kuɗin azurfa na Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya, waɗanda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinsu, suna mayar da su munduwa da zobba da 'yan kunne. Aikin hannunsu ne ke walƙiya a jikin dawakai ranar Hawan Daushe. Amma yau akasarin abin da ake kai musu gyara ne, a liƙa sarƙar da ta tsinke ko a rage faɗin zobe. Amarya ta fi son a ce nata daga Dubai yake.

Kuma ƙasarmu ba ta rasa albarkatun. Akwai gwal a Zamfara da Kebbi da Neja da Kaduna, akwai duwatsu masu daraja a tsaunin Mambila da Nasarawa da kudancin Kaduna. Mafi yawansu ɗanye suke fita, a tace su a sarrafa su a waje, mu sayo su da tsada. Wahalar kuwa a gida take zama. A 2010 gubar dalma da ke fita daga niƙan duwatsun gwal a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A can Turai masu saye sun fara tambayar daga wane rami gwal ɗinsu ya fito. Mu da abin ya faru a maƙwabtanmu mun fi su cancantar yin wannan tambaya.

Duniya kuwa tana neman zanen Afirka. Giciyen Agadas, wanda maƙeran Buzaye ke fara siffantawa da kakin zuma kafin su zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, ya kai shagunan Turai, har kamfanin Hermès na Faransa ya yi aiki da maƙeran Agadas. Thelma West, 'yar Legas da ke aiki a London, ita ta zana zoben da mawaƙiya Rihanna ta sa a bikin Met Gala na 2021. Adèle Dejak, wadda aka haifa a nan Kano, ta kafa kamfaninta a Nairobi tana yin kayan ado da tagulla da ƙahon shanu. Mu ma muna da zanen da ba a rasa shi a ko'ina cikin birni: dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, zanen da magina ke yi a fuskar soro, da na masu sassaƙa ƙwarya. Wadda ke da tsohon gwal da ya karye tana iya kai shi wurin maƙerin da aka amince da shi, a auna a gabanta kafin a narka, a yi yarjejeniya a kan ɗan abin da zai ragu a wuta, ta zaɓi zanen da take so, a sake aunawa ranar da za ta karɓa.