GASHIN KARE A TSAKAR GIDA: TSINTSIYA KAƊAI BA TA ISA BA

Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san tana zubar da ruwa. To, haka wanda ya ajiye kare ko kyanwa a gida, tilas ya shirya wa gashi. Sai dai kukan da muke ji a zangunanmu, tun daga Gambaga zuwa Yendi, Salaga da Bawku, ya wuce na shara. Mace ta shanya kuka ko kuɓewa a tsakar gida, ta dawo ta tarar da gashi a ciki. Maigida ya shimfiɗa darduma zai yi salla, sai ya tsaya yana tsinta. Mai sayar da koko ko wake da shinkafa kuwa, silin gashi ɗaya a kwanon mai saye ya isa ya kore mata ciniki na wata da watanni. A gidan haya, inda ɗaki shida ko takwas ke tarayya a tsakar gida ɗaya, mun sha ganin maganar ta kai gaban mai unguwa.

DAGA INA MATSALAR TA FITO?

Kare ba baƙo ba ne a wannan yanki. Maƙwabtanmu Mamprusi, Dagomba, Gwanjawa da Kusasi sun daɗe suna kiwonsa don farauta da tsaron gona, kuma wasu daga cikinmu ma na ajiye shi a bakin garke ko bayan shago. Amma karen gida gajeren gashi gare shi, kwance luf a jiki, ɗan abin da ya zubar iska ke kwashewa.

Abin da ya sake shi ne irin karnukan da ake kawowa yanzu daga Kumasi da Ankara don gadi. Ɗauki wanda ake kira Alsatian. A ƙasar Jamus aka kafa irinsa a 1899, don kiwon tumaki a cikin sanyi. Riga biyu gare shi: dogon gashi mai kauri a sama, da wani mai laushi kamar auduga a ƙasa. Akwai ma wanda ya fi shi gashi, ɗan asalin duwatsun Kokesas masu ƙanƙara. Irin wannan dabba ce muke ɗaurewa a ƙasar da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40.

A can ƙasashensu, tsawon rana ne ke gaya wa jikin kare lokacin sake riga, shi ya sa yakan zubar da gashi mai yawa sau biyu a shekara. A nan Gambaga kuwa, bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Saboda haka zubar ba ta da takamaiman lokaci, kusan duk shekara ake yi. Idan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu, fata ta bushe, iska kuma ta riƙa ɗibar gashi tana kai wa ɗakin kowa.

ZUBAR LAFIYA DA ZUBAR CUTA

Kafin mu ɗauki tsintsiya, mu fara duba jikin dabbar, domin gashin da ke ƙasa labari yake kawowa. Idan yana zuba daga ko'ina daidai wa daida, fata sumul, kare na ci yana wasa, wannan zubar lafiya ce. Karyar da ta haihu ma takan zubar da gashi sosai bayan ta gama shayarwa, kuma yana dawowa da kansa.

Amma idan muka ga fili-fili a jiki, sai mu yi hattara. Kare mai susa dare da rana, gefen kunnuwa da gwiwoyinsa sun yi ɓawo, galibi ƙazuwa ce, wadda wani ɗan ƙwaro da ido ba ya gani ke haƙa rami cikin fata. Tana iya sa wa mutanen gida ƙaiƙayi da ƙuraje. Idan kuma wurin ya fita a zagaye kamar kwabo, yana fari-fari, to mai yiwuwa makero ne. Wannan shi ya fi damunmu, domin yana tsallakawa kan yara, musamman daga 'ya'yan kyanwa da suke runguma, kuma ƙwayarsa na iya zama a jikin gashin da ya faɗi har fiye da shekara. Uwa sai ta yi ta sayen magani kan yaro yana warkewa yana dawowa, alhali tushen na kwance a kan tabarma.

Sai ƙuma da kaska. Macen ƙuma ɗaya na iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, kuma ƙwan na gangarowa ƙasa ne inda dabbar ke kwana. Kaskar kare kuwa a tsagar bango take ɓuya. Don haka wanke kare kaɗai, ba tare da gyara makwancinsa da liƙe tsagogin bango ba, aikin baban giwa ne.

Ga masu asma a gida, abin da ke tayar musu da ciwo yana cikin ɓarɓashin fata da yawun dabbar da ke manne da gashin. Irin wannan gida, dabba ba ta da hurumin shiga ɗakin kwana ko kaɗan.

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Na farko, mataji. Gashin da ka cire da hannunka ba zai shiga tukunya ba. A taje kare mai riga biyu kullum in zubar ta yi yawa, karen gida kuwa sau biyu a mako ya isa. A yi a bayan gida, inda iska ba za ta maido shi tsakar gida ba, a tattara a ƙone ko a binne. Kada a aske shi ƙwal don tausayin zafi, domin rigar na kare fatarsa daga rana. Abin da yake bukata shi ne inuwa da ruwan sha wanda ba ya yankewa.

Na biyu, wanka. Sau ɗaya a wata ya wadatar sai in likita ya ce a ƙara. Garin sabulun wankin kaya na busar da fata, ya ƙara zubar.

Na uku, abinci. Gashi daga abinci mai gina jiki yake fitowa. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzon tuwo, gashinsa zai bushe ya riƙa karyewa. A haɗa masa da kan kifi, dafaffen ƙwai ko guntattakin nama daga mahauta. A guji ba shi ragowar miya mai yawan albasa, don albasa na lalata jinin kare da kyanwa. Maganin tsutsar ciki kuma duk bayan wata 3.

Na huɗu, shara. Busasshiyar tsintsiya tayar da gashi take yi sama, ya sauka a kan shanya. A yayyafa ruwa tukuna, a share kafin a ɗora tukunya. Ɗakin siminti a bi shi da jiƙaƙƙen tsumma. Kafet da kujera, a goga musu gindin silifas na roba ko jiƙaƙƙen hannu, gashin zai dunƙule. Darduma a naɗe ta a rataye da zarar an sallame, randa da kwanuka a rufe.

Na biyar, iyaka. A yi wa kare rumfarsa nesa da murhu da wurin shanya, a ba shi buhu ko tsohon zane da za a riƙa wankewa ana shanyawa a rana. Maciniyar abinci kada ta bari tankas su zo su koya mata wannan.

ABIN DA BA ZA MU YI BA

Har yanzu akwai masu shafa wa kare baƙin man mota ko maganin feshin gona don kashe ƙazuwa. Dabbar na lasa, yara na taɓawa, guba ce ga kowa. Akwai ma maganin ƙwari mai suna fametirin da ake sa wa karnuka, amma yana kashe kyanwa. Maganin ƙazuwa na gaskiya yana wurin malaman dabbobi, su suka san awon da ya dace da nauyin kowace dabba. Ana samunsu ta ofishin aikin gona na gunduma, kuma makarantar da ke horar da su tana nan Pong-Tamale, kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga. In an je, a nemi allurar haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa ana sabuntawa duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

TA FUSKAR ADDINI

Da yawa na tambaya ko gashin kare na ɓata salla. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da kare, ko da yake an umarci a wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai. Shafi'iyya sun tsananta fiye da haka. Kyanwa kuwa, hadisi ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa ba najasa ba ce. Ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona an yi izini da shi. Sauran bayani a tambayi malamin unguwa. Amma babu malamin da zai ce ka cuci maƙwabci, ko ka ɗaure dabba a rana ba ruwa.

Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida a waɗannan garuruwa. Kakanninmu fatake sun zauna lafiya a Salaga da Gambaga ne saboda sun san haƙƙin zaman tare. Don haka kafin ka ƙirga sidi ka sayo kare mai riga biyu, tambayi kanka: ina da inuwa, ina da abincinsa, ina da minti goma kullum na taje shi, kuma mutanen gida sun yarda? In amsa ɗaya ta zama a'a, karen gida ma yana haushi, ɓarawo kuma ba ya tambayar asali.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.