MUSSA MAI GIDA BIYU: WATA 'YAR RIGIMAR MAƘWABTA A ƘASAR GOBIR

Hausawa kan ce tsintacciyar mage ba ta mage, wato kyanwar da mutum ya tsinta a hanya da wuya ta zauna masa har ta yi masa aikin da ake ajiye kyanwa dominsa. To, amma a Sabon Birni da Isa, can gabashin Jihar Sakkwato, inda ake kiran kyanwa mussa, ake kuma kiran ɓera kusu, akwai wata 'yar rigima da wannan karin magana bai warware ba. Rigimar kuwa ita ce ta kyanwar da ba a tsince ta ba, ba ta kuma ɓata ba, sai dai ta kwana a gida ɗaya ta ci abinci a wani, har a wayi gari gidajen nan biyu kowanne yana cewa tasa ce.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai ɗauka abin dariya ne. Alhali kuwa ta kan sa matan da suka yi shekaru suna aron turmi da miƙa wa juna kwanon tuwo ta kan katanga su daina gaisawa.

YADDA AKE FARAWA

Galibi matar gida ce kan samo 'yar kyanwa daga wurin 'yan'uwa, ta rene ta da madara da ɗan abin da ya rage a kwano. Idan ta yi ƙwari sai ta fara hawa katanga, ko ta bi ta ƙarƙashin danga ta leƙa gidan da ke kusa. In aka yi dace matar wancan gida tana suyar kifin gulbin Rima, sai ta jefa mata kai ko ƙaya, don tausayi kawai. Gobe ta dawo, jibi ma haka. Kafin a yi wata biyu yaran gidan sun raɗa mata suna, maigidan kuma ya lura ɓeraye sun ragu a ɗakin ajiyarsa.

Har zuwa nan babu wanda ya yi laifi. Inda ake samun ɓaraka shi ne ranar da maƙwabciya ta ga cewa gara ta tsare kyanwar, sai ta ɗaure ta da igiya, ko ta rufe ta a ɗakin hatsi kwana da kwanaki don ta manta da gidansu. Mai ita ta aiki yaro ya gai da Inna ya ce ko an ga mussarsu, a ce masa ya koma ya gaya wa uwarsa ita ta kawo kanta, kuma mai ciyar da dabba shi ne mai ita. Daga nan sai habaici a bakin rijiya, sai maza su shigo ciki. Da wuya irin wannan magana ta kai gaban alƙali. Yawanci a zauren mai unguwa ko wurin limamin masallaci take ƙarewa, in ma ta ƙare.

ABIN DA YA SA AKE JAYAYYA

Mutumin wannan ƙasa ba don ado yake ajiye kyanwa ba. Ƙasa ce ta noma, ga tudu inda ake shuka gero da dawa da wake, ga fadamun gulbin Rima da na Bunsuru inda ake shinkafa da noman rani. Abin da manomi ya tara a rumbu ko a ruhewa shi ne abincin iyalinsa har wata kaka, ɓera kuwa ba ya ci kawai, sai ya huda buhu, ya kuma ɓata abin da ya bari da kashi da fitsari. Irin ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke zama a gidaje da gonaki, macensa kan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a shekarar 1969. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa don kauce wa wannan cuta, bayan rufe abinci a mazubi mai murfi da zubar da shara nesa da gida, har da ajiye kyanwa.

Bugu da ƙari, halin da yankin ya shiga a 'yan shekarun nan ya ƙara wa hatsi daraja. A ranar 27 ga watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a Garki da wasu ƙauyuka na Ƙaramar Hukumar Sabon Birni. A cikin wannan watan ne Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa mutanen da suka tsallaka Jumhuriyar Nijar daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina tun daga Afrilun 2019 sun haura 60,000. Gobirawa da dama wurin dangi suka nufa a Jihar Maraɗi, domin tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 zuriyar Gobir ta bazu a ɓangarorin nan biyu, wasu a Tsibiri wasu a Sabon Birni. Wasu kuwa cikin garin Isa da Sabon Birni suka shigo suka raɓa da 'yan'uwa.

Wannan ƙaura ta taɓa maganar kyanwa ta fuska biyu. Da fari dai, manomin da ke tsoron a ƙone masa rumbu a ƙauye ya gwammace ya sussuke hatsinsa ya zuba a buhu ya kawo gari, ya jibge a ɗakin da mutane ke kwana, inda ɓera ya fi samun maɓoya. Saboda haka gidan da ke da kyanwa mai kamu ya san abin da yake da shi. Na biyu kuma, mai gudun ceton rai da tsakar dare yara yake ɗauka, ba kyanwa ba. Ita kuwa in yunwa ta dame ta sai ta koma gidan da ake hura wuta. Idan mai ita ya dawo bayan wata shida ya same ta ta yi ƙiba a gidan maƙwabcinsa, har da 'ya'ya, ta wa ce ke nan?

HALIN DABBAR

Kafin a amsa wannan, ya kamata a san cewa yawo ɗabi'ar kyanwa ce, ba rashin godiya ba ne. Masana sun nuna cewa asalinta kyanwar daji ce irin ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane tun lokacin da suka fara tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A tsibirin Kuburus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 wanda aka binne mutum da kyanwa a kusa da juna. Wato tun farko ita ta kawo kanta, kuma har yau ba ta bar wannan hali ba.

Akuya tana bin garke, kare yana bin ubangidansa, amma kyanwa wuri take riƙewa. Tana da zagayen da take bi kullum, tana goga kumatunta a jikin ƙofa da turmi da ƙafar mutum don ta bar ƙanshinta, kuma wannan zagaye bai san iyakar da magina suka ja ba. Na muzuru ya fi na mace faɗi, musamman lokacin barbara. Don haka kyanwar da ta shafa jikinta a ƙafar maƙwabciya ba ta sauya uwargida ba, ta dai sa gidan cikin zagayenta ne.

ABIN DA SHARI'A TA CE

Malaman wannan ƙasa mabiya mazhabar Imamu Malik ne, kuma a cikin Muwaɗɗa akwai hadisin Abu Ƙatada wanda ya nuna cewa kyanwa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutane. Wato Shari'a da kanta ta san ta da shiga gidaje. Idan haka ne kuwa, ganinta a tsakar gidan mutum bai mai da ita tsintuwa ba, tun da ta san hanyar gidansu, kuma an san masu ita.

Ko da ma a ce ɓata ta yi, hukuncin tsintuwa a littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, kamar Risala da Muhtasar, shi ne a yi cigiya, har tsawon shekara ga abu mai daraja. Al'adar ƙasa ma haka take, domin ɓatacciyar akuya ko jaki gidan mai unguwa ko hakimi ake kaiwa a yi shela. Babu inda aka ce ciyarwa tana mallakar da dabbar wani. Abin da malaman Malikiyya suka ba mai ciyar da ɓatacciyar dabba shi ne haƙƙin abin da ya kashe, mai ita ya zaɓa, ko ya biya ya karɓi abarsa, ko ya bar masa ita. Wannan hukunci ya yi daidai da halin wanda ya dawo daga gudun hijira. Kyanwar tasa ce, amma wanda ya riƙe ta a bayansa ba ɓarawo ba ne, mai amana ne da ya cancanci godiya da sakayya.

Maganar ɗauri kuwa ta fi nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba har ta mutu. Wadda ta kulle kyanwar maƙwabciya a ɗaki ta haɗa laifi biyu, ta riƙe abin da ba nata ba, ta kuma takura dabba. Haka nan wanda ya fusata ya zuba guba a abinci. Baya ga zunubi, dokar Final Kot da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta tanadi hukunci a kan azabtar da dabba da kuma halaka dabbar wani, ga shi kuma gubar ba ta bambanta kyanwa da kaza ko yaro mai rarrafe.

'YA'YA DA ƁARNA

Kyanwa kan yi cikin kimanin kwana 63, kuma in haihuwa ta zo sai ta nemi lungu mai duhu inda yara ba sa damunta, wanda sau da yawa ƙarƙashin rumbun maƙwabci ne. A ƙa'idar fiƙihu 'ya'yan dabba suna bin uwarsu wajen mallaka, ba wurin da aka haife su ba. Sai dai masu hankali ba su tsaya a kan ƙa'ida kawai ba, akan bar wa gidan da aka haihu ɗa guda in an yaye su, kuma da wannan ɗan alheri sau da yawa rigimar kan mutu, tun da kowa ya samu abin da yake nema.

Ranar da ake gane mai kyanwa na gaskiya kuwa ita ce ranar da ta yi ɓarna. Muddin ɓera take kamawa gida biyu ke ikirarinta, amma da zarar ta cinye 'yan tsakin wani ko ta shiga akurkin tantabaru, sai a nemi mai ita a rasa. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa dabbar da aka san ta da ta'adi, aka kuma gargaɗi mai ita bai ɗauki mataki ba, to ramuwa tana kansa. Saboda haka mai unguwa mai dabara ba ya buƙatar dogon bincike, sai kawai ya tambayi masu jayayyar wane ne a cikinsu zai biya kuɗin 'yan tsaki.

A ƘASASHEN TURAI

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan ba. A Ingila, inda maƙwabta su ma kan yi cacar baki a kan ciyar da kyanwar wani, tun daga ranar 10 ga Yuni 2024 doka ta wajabta a sanya wa kowace kyanwa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, wadda ke ɗauke da lambar da za a gane mai ita, wanda ya ƙi kuwa ana iya cin sa tarar da ta kai fam 500. A watan Agusta na shekarar kuma wata doka ta fara aiki wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ga wanda ya sace kare ko kyanwa.

Mutumin Gatawa ko na Bafarawa ba shi da wannan na'ura, ba ya kuma buƙatarta, domin a unguwarsa kowa ya san gidan da kowace kyanwa ta tashi. Abin da yake buƙata bai fi ƙarfinsa ba. Mai kyanwa ya ɗaura mata ɗan zare mai launi a wuya, sako-sako yadda zai tsinke in ya sarƙe a ƙaya, ya kuma riƙa ba ta abinci da ruwa a gida kullum, don wanda ya bar dabbarsa da yunwa ba shi da bakin ƙorafi in ta sami mai tausaya mata. Maƙwabci kuma in ya ga ta saba da gidansa, ya aika a gaya wa masu ita, ya bar mata ƙofa a buɗe, in kuwa yana son tasa ya roƙi ɗa idan ta haihu.

Ɓeran da kyanwa ta kama a ɗakin ajiyar wancan gida, da an bar shi gobe a wannan gida zai kwana, domin ramin ɓera ta ƙarƙashin katanga yake bi. Wato yawon nan da ake faɗa a kansa shi ne amfaninta ga unguwa baki ɗaya, kuma ranar da aka ɗaure ta a gida ɗaya sauran gidajen sun yi hasara. A ƙasar da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, inda maƙwabci ne zai fara ƙwanƙwasa ƙofa in an ji motsi da dare, bai kamata a ɓata da shi a kan mussa ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.