Fiɗar Tumbi Saboda Ƙiba da Abin da Ke Biyo Bayanta

Ko da yake a al'adarmu ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali, har akan ce wa mai ita ya murmure, akwai wani haddi wanda in ta ƙetare shi sai ta zama lalura, ta jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Wanda kuwa ya kai wannan matsayi, galibi rage ci da motsa jiki ba sa yi masa maganin da zai ɗore. Saboda irin waɗannan bayin Allah ne likitoci suka ƙago fiɗar tumbi, wadda wani likitan Amurka, Edward Mason, ya share mata fage a Jami'ar Iowa cikin shekarun 1960. A yau hanyoyi biyu suka fi shahara: ko a yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba, ko kuwa a keɓe ɗan aljihu daga samansa a haɗa shi da hanji.

Hujja mafi ƙarfi a kan fa'idarta daga ƙasar Suwidin ta fito, inda tun 1987 aka riƙa bin diddigin mutum wajen 2,000 da aka yi wa aikin, ana gwada su da takwarorinsu waɗanda ba a yi wa ba. Da aka yi shekaru fiye da 20 ana wannan tahƙiƙi, sai aka tarar waɗanda aka yi wa sun fi takwarorin nasu tsawon rai da misalin shekara 3, amma duk da haka ba su kamo sauran jama'a ba. Mutum yakan zubar da rubu'in nauyinsa ko sulusi, kuma abin al'ajabi, sukarin jinin wasu yakan daidaita cikin 'yan kwanaki, tun teɓa ba ta fara zubewa ba.

Sai dai fa, a ganina, masu ɗokin aikin sun fi sauraron wannan bushara bisa ga sharuɗɗanta. Wanda a da yake tashi da malmalar tuwo uku, yanzu loma kaɗan ce iyakarsa, sai ya tauna ta da kyau, ba ya haɗa ta da ruwa. In ko ya yi garajen shan abin zaƙi, sai zufa da jiri da faɗuwar gaba su rufe shi. Wajibi ne ya lazimci ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin har iyakar rayuwarsa, in ba haka ba ƙarancin jini da raunin ƙashi su same shi. Wasu tsakuwa takan fito musu a matsarmama, wasu fata ta saki, wasu kuma wani sashe na ƙibar ya dawo bayan shekaru. Mace akan umurce ta da jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Wanda kuma Ramadan ya riske shi bai daɗe da fiɗa ba, ya kamata ya nemi shawarar likitansa da fatawar malaminsa kafin ya ɗauki azumi, domin tumbin da ba ya karɓar ruwa mai yawa a zama ɗaya, da wuya sahur da buɗa-baki su wadatar da shi.