Wane ne Muƙaddashin Shugaban Ƙasa?

Muƙaddashi shi ne mataimakin da ke riƙon ƙwaryar mulki idan shugaban ƙasa ya tafi hutu ko jinya. Sashe na 145 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce shugaba ya rubuta wa Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai wasiƙa, riƙon kuma ba ya ƙarewa sai ya sake rubuto cewa ya dawo.

Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya tafi jinya Saudiyya a Nuwamban 2009 ba tare da wasiƙar ba, aka yi ta ja-in-ja har 9 ga Fabrairun 2010, ranar da majalisa ta ɗora mataimakinsa Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashi. Daga baya aka gyara sashen: in an yi kwana 21 babu wasiƙa, majalisa na iya miƙa ragamar da kanta.

Ikon muƙaddashi cikakke ne. A Agustan 2018 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashi, ya kori shugaban hukumar tsaro ta DSS, Lawal Daura, lokacin Shugaba Buhari yana Landan.

'Yan adawa fa? Sukar manufofin muƙaddashi haƙƙinsu ne, neman sanin lafiyar shugaba ma ba rashin ladabi ba ne. Amma hannun da muƙaddashi ya sa wa doka na shugaban ƙasa ne, mai ja da ita sai dai ya nufi kotu.