Pete Postlethwaite, ɗan wasan da ba a yi shi don allon talla ba

Duk wanda ya kalli The Lost World na 1997, ci gaban Jurassic Park, zai tuna maharbin nan mai sanƙo da ya shiga tsibiri da bindigarsa. Amma ka tambayi sunansa, sai a yi shiru. Pete Postlethwaite ne, ɗan Ingila, irin ’yan wasan da ba su ne jaruman fim ba, amma in ka cire su fim ɗin ya zama miya ba gishiri.

An haife shi a garin Warrington a 1946, cikin iyalin Katolika masu cin guminsu. Ya fara da koyarwa, sannan ya ajiye alli ya shiga makarantar wasan kwaikwayo ta Bristol Old Vic. A dandalin Everyman na Libaful ya goge tare da su Julie Walters da Bill Nighy, daga baya ya shiga Royal Shakespeare Company. Sai da ya kusa shekara hamsin kafin duniya ta san da shi. Fuskarsa ba ta soyayya ba ce: ƙasusuwan kunci a tsaye, idanu ciki ciki, fata kamar ta wanda ya sha aikin ƙarfi. Wannan fuskar ce jarinsa.

Inda ya fi taɓa ni shi ne In the Name of the Father na 1993. Labarin gaskiya ne: an ɗaure Gerry Conlon bisa zalunci kan harin bam na Guildford na 1974, mahaifinsa Giuseppe ya taso daga Belfast don ya taimaki ɗansa, shi ma aka kama shi, ya mutu a kurkuku a 1980. Postlethwaite ya fito a uban, Daniel Day-Lewis a ɗan, alhali shekara 11 kacal ke tsakaninsu. Ba ka ganin haka ko kaɗan. Ɗan yana ta zage-zage yana tuno masa tsofaffin laifuffuka, uban yana tsaye, numfashi na yi masa wuya saboda ciwon huhu, ba ya ramawa. Haƙurin nan ba na ragwanci ba ne, kuma ya nuna hakan ba tare da ɗaga murya ba. Wasan ya kai shi cikin ’yan takarar kyautar Oscar.

A Brassed Off na 1996 ya zama Danny, shugaban masu busa na mahaƙan kwal da ake shirin rufe wa rami. Jawabinsa na ƙarshe a zauren Royal Albert Hall, inda ya fifita mutane a kan kofin da suka ci, har yau ana tuna shi a Birtaniya. Ya iya mugunta ma: lauya Kobayashi a The Usual Suspects, maganarsa a sanyaye, amma gaban mutum faɗuwa yake.

Hollywood ba ta raba shi da dandali ba. A 2008 ya koma Everyman ya fito a Sarki Lear na Shakespeare. A The Town na 2010 ya riga ya rame sosai. Yana zaune a shagon furanni yana kankare ƙayar fure da wuƙa, yana yi wa Ben Affleck barazana. Ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 2 ga Janairu 2011, yana da shekara 64, kuma bayan rasuwarsa aka sa sunansa cikin takarar BAFTA saboda wannan rawar.